Tutoci Biyu a Kwalbatin Garin Auta

Litinin, 19 ga Agusta, hantsi

"Shafi huɗu kawai muke so, Malama Ummussalma. Ke da kika karanta Tarihi a jami'a, ai kafin shayinki ya huce kin gama."

Alhaji Zaharaddeen ke nan, shugaban Kwamitin Tarbar Jirgi, tsaye a zaurenmu. Ya ƙi zama don kada tabarma ta ɓata masa shadda. An ce jirgin Kano zuwa Nguru zai dawo bayan damina, zai riƙa tsayawa a nan Malam Madori kamar da. Za a yi taro, a raba ɗan littafi mai tarihin layin, ni zan rubuta. Na ce masa hutu na zo yi daga Dutse. Ya ce ai hidimar gari ma hutu ce.

Na tambaye shi wane irin tarihi ake so. Ya ce mai daɗi.

Kafin ya fita ya juya wajen Baba. "Malam Abdulmannan, kai za ka ɗaga koriyar tuta ranar. Wa ya kai ka?" Alhajin na fita na ji Baba yana tambayar Inna inda ta ajiye hularsa ta aiki.

An yi ruwa jiya. Yanzu ma hadari na haɗuwa.

Talata, 20 ga Agusta, azahar

Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana duba layin dogo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ritaya, amma ba wanda ya samu ƙarfin halin sanar da ƙafafunsa. Kullum daga masallacin asuba sai ya saɓa guduma da doguwar sifanarsa, ya taka daga tasha zuwa kwalbatin Garin Auta, ya dawo. Yanar ido ta rufe masa gani, da kunne yake aiki yanzu. Ya bugi ƙarfe, ya saurara, ya san inda noti ya saki.

In ya dawo sai rahoto. A da Usaini ƙanena ke rubuta masa, har ya yi aure ya ce ya gaji da wasan. Tun da na zo aikin ya dawo kaina.

"Rubuta, Uwata. Talata. Daga tasha zuwa kwalbati, layi lafiya. Noti uku sun saki a kwana ta biyu, na ɗaure. Kwalbati a toshe."

"Baba, wa zai karanta?"

"Ba aikina ba ne sanin mai karantawa."

Na buɗa shafukan baya. Kwalbati a toshe. Kwalbati a toshe. Da rubutun Usaini, kafin nan da na Baba, lokacin yana gani. Rabon jirgi da layin nan damina uku. Yakan zo ne kamar zazzaɓi, ya yi wata biyu ya tafi, a ce an warke.

Laraba, 21 ga Agusta, yamma

Na fara shafi huɗun Alhaji. Layin ya kai Nguru a 1930. Ba don kakanninmu su riƙa zumunci aka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa ake so, da fata, da shanu. Tashar da aka kafa a nan ita ta jawo kantuna da 'yan ciranin da suka zama 'yan gari. Na rubuta duk wannan da ladabi.

Abin da ban rubuta ba: masu ginin sun ji tsoron ruwa, sai suka ɗora ƙarfensu a kan jinga mai tsayi. Ruwan da aka hana taɓa ƙarfe kuwa dole ya nemi wajen zama. Sun bar masa ƙofa ɗaya, kwalbati. Wannan ba ya cikin tarihi mai daɗi.

An yi ruwa.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Usaini ya zo a jiƙe har ƙirji. A Garin Auta yake noman shinkafa, can ne garin su Shamsiyya matarsa. Ruwa ya taru a bayan jingar layi ya rasa hanya. Sun nutsa don su yashe kwalbatin, suka tarar ya rufta ta ciki, ciyawar kacala ta cike sauran. Sun je ofisoshi uku. Ko'ina an yi musu jaje mai kyau.

"Baba, taku goma kawai za a buɗe. Ruwan ya wuce fadama, mu mayar da ƙasa."

"Ba a taɓa layi."

"Wane layi? Wanda awaki ke kwana a kai?"

"Ba a taɓa layi sai da takarda."

"To a ina ake samun takardar?"

Baba ya ce a rubuta wa Kano. Usaini ya yi dariya, irin wadda ba a yi wa uba. Inna ta ce, "Kai, Usaini." Ya sha ruwa ya fita, ko tuwo bai jira ba.

Ni ina gefe da biro, kamar alƙaliyar gasar muhawara. Kowa ya yi ƙoƙari.

Asabar, 24 ga Agusta, safe

An yi ruwa. Gida tara sun zube a Garin Auta. An fito da kakar Shamsiyya a cikin kwalekwale.

Lahadi, 25 ga Agusta, magariba

Usaini ya zo Baba na masallaci. Ya ce tabarma zai ara. Ya shiga ɗakin Baba ya fito da ita a naɗe, kuma na ga kafaɗarsa ta karkace fiye da yadda tabarma ke karkata kafaɗa.

Na ɗaga kai daga rubutuna. Na mayar.

Litinin, 26 ga Agusta, la'asar

Baba ya fita da guduma kaɗai. Ya laluba bayan ƙofa inda yake ajiye sifana, ya sake lalubawa, bai tambayi kowa ba.

Wajen ƙarfe tara ya dawo kusan a guje. Ban taɓa ganin haka ba. Ya buɗe akwatin ƙarfensa ya zaro tsohuwar jar tuta. Ɗaya ce gare shi, biyu yake nema. Ya tsaya a tsakar gida yana ƙifta ido, sai ya hangi wani abu ja a kan igiyar shanya, ya fizge shi. Inna na cewa, "Malam, zanina ne!" Har ya kai zaure.

Sai azahar ya dawo, taɓo har gwiwa. Ya yi salla. Ya ce in ɗauko littafi.

Ba zan kwafe shafin a nan ba. An cire ƙarfe biyu, an haƙa jinga taku goma sha biyu, ruwa na wucewa. An jera notunan a kan tabarma, a gefe, kowanne an shafa masa mai don kada ya yi tsatsa. Ya kafa tuta taku ɗari shida ta ɓangaren Kano, taku ɗari shida ta ɓangaren Nguru, kamar yadda doka ta ce. Ya faɗi ko sifanar ta wa ce. Ya faɗi mutum ɗaya tak da ya taɓa koya wa jera noti haka.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Rubuta."

Na rubuta. Rubutun ma ya fi na kullum kyau. Na ce a raina, littafi na ashirin da uku ne wannan, ba a taɓa buɗe ko na farko ba.

Talata, 27 ga Agusta, safe

Ruwa ya fara janyewa daga Garin Auta. Kowa na cewa ikon Allah.

Alhamis, 29 ga Agusta, yamma

Damina uku ba abin da ya bi layin nan sai awaki. Yau sai ga kurar injiniyoyi mai inji, irin mai tafiya a kan layi, daga Kano, mutum huɗu a kai, sun zo duba hanya saboda taron Alhaji. Suna gudu suka hangi ja a gabansu, direba ya take birki. Suka sauka suka taka, suka tarar da ƙarshen layin yana rataye a kan ruwa.

Da ba tutar, da yanzu ana sallar gawa huɗu.

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Alhamdulillahi." Ya ci gaba da jan carbi. Shekara goma sha ɗaya muna masa dariya a bayan ido, yau ya yi daidai, kuma ban taɓa jin haushin gaskiyar mutum kamar yau ba.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan masallaci

An kwashe maza bakwai daga Garin Auta, an sako su. Duk bakinsu ɗaya: ruwa ne ya fasa. Ɗan sandan da ya yi musu tambayoyi ya ce bai taɓa ganin ruwan da ke kwance noti ya shafa masa mai ba.

Tutar ɓangaren Kano na ofishin 'yan sanda, an shanya ta a kan benci. Ja ce mai zanen kifi ruwan ɗorawa. Ankon bikin Usaini. Mata sittin ne suka ɗinka shi a unguwar nan, hamsin da tara sun duba akwatinsu sun ga nasu.

Bintu maƙwabciyarmu ta leƙo aron rariya. "Innar Usaini, wai ina zaninki na biki? Kwana biyu ban gan shi a shanya ba." Inna ta ce ɓera ya ci. Bintu ta ce ɓerayen bana ba su da kunya. Ta tafi ta manta rariyar.

Usaini ya tafi Auyo. Neman iri, in ji Shamsiyya. A ƙarshen Agusta.

Litinin, 2 ga Satumba, hantsi

Injiniya Misbahu ya zo, shi ne babba a cikin huɗun. Ba zai wuce shekaruna ba. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na auna da kaina. Taku ɗari shida cif, gaba da baya. Ko a makaranta ban ga an yi haka ba. 'Ya'yana uku, Baba. Na gode."

Na ga fuskar Baba ta buɗe, irin yadda ban gani ba tun rasuwar Hasan, abokin tagwaicin Usaini. Mutumin hukuma ne a zaurensa, yana cewa ya auna.

Sai Baba ya ce, "Akwai rahoto. Komai na ciki."

Injiniya ya ɗago. "Rahoto, Baba?"

"Na kowace rana. Amma kayan hukuma ne, ba a miƙa shi hannu da hannu. Ka zo da takarda."

Zai dawo ranar Alhamis da takarda da ɗan sanda.

Tun ɗazu nake juya maganar. Takardar nan da ya nema, doka yake bi, ko kwana uku ya saya wa ɗansa? Na san shi shekara talatin da huɗu, ban san amsar ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Talata, 3 ga Satumba, azahar

Shamsiyya ta zo ta zube a gabana, da cikinta wata bakwai. "Yaya Ummu, an ce shekaru ake ɗaure mutum a kan layi." Na ce ta tashi. Inna ta ce, "Ke ce mai ilimin gidan." A gidan nan ba a tuna ilimina sai abu ya lalace.

Na je wajen Baba.

"Bari in sake rubuta shafin. In ce ka tarar an fasa, ba ka san wanda ya yi ba."

"Na sani ai."

"Ɗanka ne."

"Na sani. Ni na koya masa. Aikin ya yi kyau, ba noti ɗaya da ya ɓata."

"Da bai buɗe ba, da garin nan ya nutse da mutane a ciki."

"In gaskiya ne, rubuta shi a ƙasa. A haɗa duka a ba su."

"Baba, ba za su karanta na ƙasan ba."

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Shekara arba'in da shida ban goge layi ɗaya ba, Uwata. In na goge wannan, da me zan ce sauran gaskiya ne? Duk kwalbatin da na ce a toshe yake?"

Yana da amsa. Kullum yana da amsa. Da a jami'a ne da na ba shi maki mai yawa.

Laraba, 4 ga Satumba, safe

Baba ya fita duba layi. Makullin akwatin na cikin aljihun rigarsa ta Juma'a, inda yake tun ina firamare.

An yi yayyafi.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Sun zo ƙarfe goma sha ɗaya. Injiniya, da sufeton 'yan sanda, da Alhaji Zaharaddeen wanda ba a gayyata ba. Baba ya sa hular aiki. Ya karɓi takardar, ya kai ta dab da idonsa, ya shafa hatimin da yatsa. Ya tashi ya shiga ciki.

Muna jin ƙarar akwati. Muna jin yana fito da tsofaffin littattafan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe.

Ya fito ya tsaya a bakin zaure. "Uwata, ina littafin?"

Na ce, "Wane littafi, Baba?"

"Na bana. Wanda kike rubutawa."

"Baba, ai tun da idonka ya samu matsala aka daina. Zauna ka huta."

Sai na juya wajen Injiniya na koma Turanci. Na ce a yi haƙuri, tsufa ne. Na ce ya kai shekara biyu yana ruɗewa, yana ganin har yanzu yana bakin aiki, mu kuma muna biye masa don kada ransa ya ɓaci. Na ce wani lokaci yakan kira sunan mutanen da suka mutu, yakan ɗora wa na gida abin da ba su yi ba, duk sunan da ya ambata kada a ɗauka. Na ce likita ya gan shi a Dutse. Na yi magana mai kyau, a natse, da kalmomin asibiti.

Don kada ya ji na yi Turancin. Na manta da wane yare aka yi shekara talatin da biyar ana ba shi umarni.

Injiniya ya ce, da Hausa, a hankali, "Hajiya, mai ruɗewa ba ya ƙirga taku ɗari shida sau biyu."

Na ce, "Ƙafa ba ta mantuwa, Injiniya. Kai ne ke mantuwa."

Ya dube ni. Ya san ƙarya nake. Ya dubi labulen da Inna da Shamsiyya ke bayansa, ana ganin ƙafafunsu. Ya ce, "Baba, akwai abin da za ka ce?"

Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya san ranar, ya san awa, ya san adadin notunan. Na jira.

Baba ya cire hular. Ya ce, "Ku tambayi 'yata. Ita ta yi karatu."

Sufeto ya rufe littafinsa da saurin wanda aka rage wa aiki. Waɗanda ba a san ko su wane ne ba, haka za a rubuta. Alhaji ya ce, "Allah sarki, Malam Abdulmannan. Ashe haka abin ya zama." Da ƙarfi ya faɗa, yana rarrabe kalmomi, kamar mai magana da kurma.

Juma'a, 6 ga Satumba, safe

Bai fita ba.

Asabar, 7 ga Satumba, safe

Bai fita ba. Gudumar na bayan ƙofa.

Litinin, 9 ga Satumba, yamma

Alhaji bai ɓata lokaci ba, gari duk ya ji. Bintu ta kawo kunu "don mara lafiya". A masallaci an ba shi kujera. Mutanen da ke saita agogonsu da wucewarsa yanzu suna tambayarsa ko ya gane su. Yana amsawa da ladabi, ya faɗi sunan mutum da na ubansa, sai a ce, "Kai, yau da sauƙi."

Saƙo daga Kwamiti: an yi shawara, kada a wahalar da Malam da tsayuwa a rana. Kansila zai ɗaga tutar. Kuma ina shafi huɗun?

Na aika musu. Babu jinga a ciki, babu kwalbati. Alhaji ya bugo waya ya ce har ƙwalla ya yi.

Laraba, 11 ga Satumba, azahar

Usaini ya dawo daga Auyo, ba iri. Ya mayar da sifanar bayan ƙofa, ya goge ta tas. Ya durƙusa a bakin ɗakin Baba ya fi rabin awa. Baba ya tambaye shi shinkafa. Ya ce rabi ya tsira. Baba ya ce madalla.

A tsakar gida Usaini ya ce mini, "Yaya, ban san da wane baki zan gode ba." Na ce ya bar bakin a rufe, shi ne godiyar. Inna ta yanka kaza. Kowa ya ci. Na kai wa Baba nasa, na dawo na ɗauke shi yadda na ajiye.

Ba wanda ya ce na yi laifi, ba wanda zai ce. Jaririn Shamsiyya zai buɗe ido ya ga ubansa. Na auna abin ta kowace fuska, kullum amsa ɗaya nake samu. Da za a maimaita, haka zan sake yi. Na so a ce wannan ya sa abinci ya shiga.

Juma'a, 13 ga Satumba, la'asar

An turo leburori sun cike jingar. Ba a taɓa kwalbatin ba. An ɗaga taron sai abin da hali ya yi.

Lahadi, 15 ga Satumba, hantsi, a tashar mota

Hutuna ya ƙare. Littafin na ƙasan jakata, a cikin ɗankwali. Na yi niyyar sa shi a murhu tun ranar, sau uku ina ɗaukowa. Ni da nake koya wa ɗalibai cewa ba a ƙona takarda.

Na shiga yi masa sallama. Yana zaune a bakin gado, ya fuskanci bango, rediyo a kashe.

"Baba, zan koma."

"To. Allah ya kiyaye hanya."

Na tsaya. Na shirya magana tun jiya, mai sakin layi uku.

"Baba, ni dai..."

"Kin yi abin da kika ga ya dace." Bai juyo ba. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Likitan na Dutse, me ya ce sunan ciwon? Mutane na tambayata a masallaci, ba na so maganata ta saɓa da taki."

Na faɗa masa sunan, da Turanci. Ya maimaita sau biyu, a hankali, har ya zauna masa a baki.

"To," ya ce. "Ja mini ƙofar."

Na ja. Ta ƙi kamawa saboda damina ta kumbura katakon, sai da na sa hannu biyu. Inna na kirana in tsaya a ƙulla mini bandar kifi. Na ɗauki jakata na fita.